Filin Tambayi Mai Sola: Batirina na ɗaukewa ƙarfe uku na dare, ta ya zan kama ɓarawon?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Saƙonnin da suka taru wannan karon kusan duk hanya ɗaya suka bi, wato yadda mutum zai san abin da inbata da batir suke aikatawa lokacin da baya tsaye a kansu, don haka na tsinto guda biyar na haɗa su waje ɗaya. Masu tambaya kan kaurin kebul ku ƙara haƙuri sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

TAMBAYA: Malam barka da ƙoƙari. Dan Allah ina da inbata 5kVA da batiran ruwa guda huɗu masu 200Ah, ko shekara basu cika ba, amma kullum wajen ƙarfe uku na dare sai inbatar ta kama kuka ta ɗauke, alhali da magariba allon yana nuna min 100%. Wanda ya haɗa min yace batiran ne suka mutu in sayo sabbi, wanda ya sayar min da batiran kuma yace lodi ne yayi yawa, ni wallahi na rasa wa zan gaskata. Daga wani magidanci.

AMSA: Toh Alhaji, kar ka gaskata kowa tukunna, har da ni, don dukkanmu hasashe muke yi kuma babu wanda ya kwana a gidanka. Shi kansa allon inbatar naka hasashe yake yi. Yawancin inbatocin da aka haɗa da batirin ruwa basa ƙirga abin da ya shiga batir da abin da ya fita, ƙarfin bolt kawai suke kallo su yanke hukunci, kuma lokacin da sola ke cikin caji bolt ɗin yana hawa 54 har 57 ko da batirin bai ƙoshi ba, sai allo ya rubuta maka 100% kai kuma hankalinka ya kwanta. Batirin ruwa mai 12V in ya cika da gaske kuma aka bar shi ya huta wasu awanni ba caji ba lodi, wajen 12.7 zai tsaya, guda huɗu a jere kenan 50.8. In kaga 12.2 kowanne, wato 48.8 gaba ɗaya, to rabi ya rage. Kaga tsakanin cikakke da rabi bolt biyu ne kacal, to ta ya allo zai ba ka gaskiya alhali firji na tashi yana kwanciya yana wasa da lambar.

Mu ɗan yi lissafi. Bolt 12 sau 200Ah sau batira 4 ya ba mu 9,600Wh, wato 9.6kWh a takarda. Batirin ruwa kuma in kana so ya daɗe rabinsa kawai ake ci, saura 4.8kWh. Daga faɗuwar rana zuwa ƙarfe uku wajen awa tara ne, in ka raba zaka samu wat 500 da ɗan wani abu a kowace awa, a ciki kuma ita kanta inbatar tana cin nata ko da baka kunna komai ba, masu girman taka da yawa suna shan wat 40 zuwa 60 a zaune, wanda in ka ɗauki 50 ka ninka da awa 24 ya zama 1.2kWh kullum. Firji, fankoki uku, talabijin, fitilu, caja, kafin ka ankara ka kai 500 ɗin. Sai dai akwai abin da ya fi damuna a saƙonka. Inbatoci da yawa masu 48V suna zuwa da saitin yankewa a wajen 42V, wato 10.5 kowane batir, wannan kuma ma'anarsa an tatse batirin tas. In har a nan taka take ɗaukewa kowane dare, to ko batiran basu mutu ba ana kan hanyar kashe su.

Waɗanda ake zargi uku ne: ko dai batiran basa cika da rana, ko lodin dare ya fi yadda kake zato, ko kuma ɗaya cikin huɗun ya raunana yana jan sauran ƙasa. Kowanne yana da irin sawun da yake bari, kuma ba sai ka sayi komai ba kafin ka fara bin sawun. Ɗauki biro da takarda, dare ɗaya kawai ka sadaukar, duk awa ka rubuta lokaci, bolt ɗin batir, da wat ɗin lodi da allo ya nuna. In bolt na sauka a hankali kamar gangara mai laushi har zuwa ukun kuma lodi na yawo a 500 ko 600, sannan a wajen rabin batir inbatar ta ɗauke ba a 42V ba, batiranka lafiyarsu lau, aikin ne ya fi ƙarfinsu. In kuma yana tafiya daidai sai wajen sha biyu ya faɗo kwatsam kamar an tura shi rami, to samo mitar hannu ka auna kowane batir shi kaɗai yayin da lodi ke kai, zaka iya tarar da uku suna 12.1 ɗaya yana 10.4, shi ne mai laifin. In tun ƙarfe takwas na dare kana ƙasa da 49 da ɗan lodi kaɗan, to tun farko basu cika ba, sai a koma kan farantai da saitin caji.

In kana da hali ka wuce biro da takarda, abin da nake ba kowa shawara kafin komai shi ne shant. Wani ɗan guntun ƙarfe ne da ake sakawa a kan baƙin kebul na batir, duk wutar da zata shiga ko ta fita sai ta ratsa ta cikinsa, shi kuma yana ƙirgawa kamar mai gadin ƙofa da littafinsa. SmartShunt na kamfanin Victron shi aka fi sani, akwai mai ɗaukar 500A, kana ganin komai a wayarka ta Bluetooth, akwai kuma masu sauƙi irin PZEM-017 ga wanda baya tsoron haɗe-haɗe. Da shi zaka tashi da safe ya faɗa maka daren jiya an ci 104Ah, shikenan gardama ta ƙare, in 200Ah aka sayar maka kuma a 70Ah ya faɗi to kana da abin da zaka nuna wa mai garanti. Amma ka sani 200Ah ɗin nan sharaɗi gare shi, ana auna shi ne a kan jan wuta a hankali na awa 20, wato 10A, wasu kuma na awa 10. In ka ja 35A a lokaci guda ba zaka samu 200 ɗin ba, wani Bajamushe mai suna Peukert ne ya bayyana wannan tun 1897, shi yasa zaka ga sunansa a cikin saitin shant, ka bar shi a 1.25 ga batirin ruwa in takardar batirinka bata faɗi wani abu daban ba.

Bari in ba ka labarin wautata don kar ka maimaita. Ranar da na saka nawa, na mayar da kebul ɗin inbata bayan shant yadda ya kamata, amma na manta baƙin kebul na na'urar cajin sola yana nan maƙale a kan batir kai tsaye. Sai shant ɗin ya zama yana ganin fita baya ganin shiga. Kwana uku ina kallon lamba tana sauka, 61, 30, 8, har na fara tsine wa wanda ya sayar min da batir a zuciyata, alhali batiran cike suke taf. Ƙa'idar ɗaya ce, a gefen batir kebul ɗaya tal zai kasance, duk sauran, inbata da caja da komai, su koma ɗaya gefen. Kuma ka kashe komai kafin ka taɓa, ka naɗe sifana da tef, don batir 200Ah in sifana ta haɗa kawunansa biyu narkewa take yi a hannunka.

TAMBAYA: Yallaɓai an saka min wani abu kamar filashi a jikin inbata wai zan riƙa ganin komai a waya, amma rabin lokaci manhajar tana cewa ba ta kan layi, in ma ta dawo lambobin da take nunawa ba su ne a allon inbatar ba. An cuce ni ne? Daga wata ma'aikaciya.

AMSA: Hajiya ba a cuce ki ba, an dai ƙi yi miki bayani. Wannan ɗan filashin, dongul ake ce masa, ba da wayarki yake magana ba kai tsaye. Yana karɓar lambobi daga inbata, ya tura su ta waifai ɗin gidanki zuwa kwamfutocin kamfanin, sannan wayarki ta je can ta ɗauko. Na Growatt suna amfani da ShinePhone, na Deye da wasu da dama suna bi ta Solarman, Victron kuma nasu VRM ne. Yawancin dongul duk minti biyar suke turawa sau ɗaya, don haka abin da kike gani a waya tsohon labari ne na minti biyar da suka wuce, shi yasa baya dacewa da allo.

Batun sauka daga layi kuwa, fara duba abu biyu. Kusan duk waɗannan dongul ɗin waifai mai 2.4GHz kawai suke ji, in rauta ɗinki ta haɗe 2.4 da 5 a suna ɗaya sai su riƙa rikicewa, a raba musu suna. Na biyu nisa, galibi ana ajiye inbata a sito ko lungu bayan bango biyu uku, ki tsaya da wayarki daidai wajen ki ga sanda nawa take kamawa.

Yana da amfani kuwa? Sosai, in abin da kike nema shi ne jimillar yini, nawa sola ta kawo yau, nawa gida ya ci, ki kwatanta wannan watan da wancan. Inda baya taimakawa shi ne abin da ke faruwa cikin ƙiftawar ido. Injin ruwa ko firiza in zasu tashi suna fizgar wuta ninkin abin da suke ci sau da yawa na daƙiƙa ɗaya ko biyu, inbata ta yi ƙara ta ɗauke ta dawo, dongul kuwa yana barci bai gani ba, ki duba manhaja ki ga komai sumul. A irin wannan sai ki nemi shafin tarihin ƙararrawa a manhajar, lambar matsalar tana nan ko da zanen bai nuna ba. Wani abu kuma da mutane basa kula da shi, wanda ya haɗa miki sau da yawa da asusunsa yake rajistar na'urar, kuma asusun masu haɗawa yana iya canza saitin inbata daga nesa. Ki tabbatar da imel ɗinki aka buɗe, ki canza kalmar sirri, in kina so ya ci gaba da gani sai ki ba shi izini da kanki.

TAMBAYA: Oga ni ɗalibi ne, ina ɗan taɓa kwamfuta. Bana son bayanan gidanmu su riƙa zuwa wani waje kuma intanet ɗinmu ba kullum ba. Naji ana cewa Raspberry Pi da Home Assistant, daga ina zan fara kuma zan iya ƙona inbatar babanmu? Gaskiya wannan ne tsorona.

AMSA: Ƙanina tsoronka a kan hanya yake, ka riƙe shi. Karanta lambobi baya ƙona komai, abin da ke ƙonawa shi ne cusa kebul a ramin da ba nasa ba, da kuma tura umarnin canza saiti ba tare da ka san me yake yi ba. Leƙa ƙasan inbatar, zaka ga ramuka masu kama da na kebul ɗin intanet an rubuta RS232 ko RS485 ko CAN ko BMS. Kamar ce kawai, ba intanet bane, kuma kowane kamfani da yadda ya jera wayoyi takwas ɗin ciki, wasu har wuta suke fitarwa a ɗaya daga ciki don ciyar da dongul. In ka ɗauko kebul ɗin rauta ka haɗa da laftof kana iya rasa ɗaya cikin biyun. Nemo littafin inbatar ka duba shafin da ya zana wace waya ce wace, kafin ka sayi komai.

Inbatoci masu zaman kansu da yawa da kake gani da sunaye kala-kala, asalinsu ƙirar kamfanin Voltronic ne na Taiwan, irin su Axpert, kuma yarensu ɗaya. Ana haɗa su ta RS232 a gudun 2400, ka tura kalmar QPIGS tare da lambobin tantancewa biyu a ƙarshe, sai ta amso maka da layi guda na lambobi a jere da tazara a tsakani, bolt ɗin wutar layi, bolt ɗin fita, VA, wat, kashin lodi, bolt ɗin batir, amfiyar caji, zafin cikinta, bolt ɗin sola da sauransu. Ranar da na fara ganin wannan layin ya fito a baƙin allo wajen ƙarfe ɗaya na dare, wallahi sai da na tashi na zagaya ɗaki. Sauran kamar Deye da Growatt suna magana da Modbus ta RS485, tsohon yare ne na masana'antu da kamfanin Modicon ya fitar tun 1979 kuma har yau shi ake yi. Wayoyi biyu ne, A da B, in ka juya su ba abin da zai ƙone, shiru kawai zaka ji, sai ka musanya. Gudun galibi 9600 ne. Ka sayi adaftar USB mai raba wutar ɓangarorin biyu, ta ɗan fi tsada amma ita ce katanga tsakanin inbatar Baba da kwamfutarka.

Daga nan hanya biyu ce. In so kake abu ya yi aiki yau yau, SolarAssistant manhaja ce ta kuɗi da ake ɗorawa a Raspberry Pi, wato 'yar ƙaramar kwamfutar nan, ta san inbatoci da batira masu yawa, kana haɗawa zane-zane su fito, kuma duk daƙiƙa ɗaya zuwa biyu take karantawa. In kuma so kake ka koya, Home Assistant manhajar lura da na'urorin gida ce ta kyauta, Paulus Schoutsen ne ya fara ta a 2013 yanzu kuma jama'a da yawa ke gina ta, sai ka haɗa da ɗan ƙaramin allon lantarki mai suna ESP32 mai ɗauke da manhajar ESPHome a jikin inbata yana turo lambobi. Zaka riƙa cin karo da sunan MQTT, kar ya firgita ka, ɗan aike ne kawai mai kai saƙo daga wannan na'ura zuwa waccan, tun 1999 aka ƙirƙiro shi don lura da bututun mai. Masu son ƙawa suna ƙara InfluxDB don ajiya da Grafana don zane, amma ni dai nace ka bari sai ka yi wata uku ba tare da su ba, da yawa sun ƙare da allo mai kyau kamar na matuƙin jirgi kuma basu san nawa gidansu ke ci da dare ba.

Abubuwa uku zasu ba ka ciwon kai, gara ka ji tun yanzu. In ka jona Pi ɗin a soket ɗin da inbatar ke ba wuta, duk lokacin da ta ɗauke shi ma ya mutu, wato daidai lokacin da ka fi buƙatar shaida shaidan ya suma. Ka ba shi wuta daga batir kai tsaye ta ƙaramar na'urar da ke sauke 48V zuwa 5V, da fiyus ɗinta kusa da batir. Sai katin memori, rubutu ba dare ba rana yana cinye shi, nawa na farko wata huɗu ya yi ya tafi da duk tarihin da na tara ban kwafe ko ɗaya ba, don haka ka sa SSD ko katin da aka yi don kyamarar tsaro, kuma rubuta lambobi duk daƙiƙa 10 ya isa, ba sai kowace daƙiƙa ba. Na ƙarshe agogo. Pi kafin na 5 da ya fito a 2023 bashi da agogon kansa, daga intanet yake tambayar lokaci, tunda kace naku ba kullum ba to zai iya tashi ya rubuta maka rana ta fito ƙarfe biyun dare. Ɗan guntun agogo mai suna DS3231 yana magance wannan.

Me zaka samu bayan duk wannan wahalar? Ni abin da ya biya ni shi ne firiza. Zanen lodin dare ya saba fitowa kamar haƙoran zarto, ta tashi minti ashirin ta kwanta minti arba'in. Wani mako sai naga haƙoran sun ɓace, layi ya miƙe a kan wat 110 har asuba. Naje na duba, robar murfin ta saki a kusurwa ɗaya, in ka sa takarda ka rufe sai ta zare ba gardama. Firizar tana sanyi, ba ƙara, ba wanda zai taɓa ganewa da ido, amma wajen 0.8kWh take ƙara min kowane dare.

TAMBAYA: Malam batirina litiyam ne 51.2V 100Ah. Yana nuna 40% sai kawai ya faɗo 5% ya kashe. Wani lokacin inbata tace 80 batir yace 55. Wa ke ƙarya?

AMSA: Ɗan'uwa su biyun, amma ta inbata ta fi muni. Batirinka ƙwayoyi 16 ne a jere kowace 3.2V, jimilla 5.12kWh, kuma halin wannan nau'in na LiFePO4 shi ne bolt ɗinsa baya motsi, daga wajen kashi 20 har zuwa 90 yana nan tsakanin 52 da 53 da ɗoriya. Inbatar da ke hasashe da bolt a nan makauniya ce. Maganin shi ne a haɗa kebul ɗin sadarwa daga BMS ɗin batir, wato na'urar da ke cikinsa mai kula da ƙwayoyin, zuwa inbata ta CAN ko RS485, a zaɓi yaren da ya dace a saiti, sai ta daina hasashe ta riƙa karɓar lamba daga bakin batir.

Shi kuma BMS ƙirga yake yi kamar shant, sai dai da yawansu basa ganin ƙaramar wuta, in abin da ake ja bai kai rabin amfiya ko ɗaya ba sai su rubuta sifili, kullum ana ɗan zarar wuta ba a rubutawa, bayan mako biyu uku lissafi ya karkace. Yana gyara kansa ne kawai in batir ya cika har wuya, to in kwanakin nan hadari ake ko lodi ya hana shi cika, ga dalilin 40 ɗin ƙarya nan. Ka bar shi ya cika tsaf ko sau ɗaya a mako, a bolt ɗin da kamfaninsa ya rubuta. Na jaddada wannan don ba duka bane masu ƙwaya 16, Pylontech masu 48V misali 15 ne, in ka ba su cajin masu 16 ka wuce iyaka.

In BMS ɗinka irin JK ko JBD ko Daly ne mai Bluetooth, buɗe manhajarsa ka bar kallon kashi, ka kalli bolt ɗin ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya a lokaci biyu, dab da cika da kuma dab da ɗaukewa. A tsakiya duk zasu yi kama da juna ko da akwai mara lafiya. In a ƙasa kaga sha biyar suna 3.2 ɗaya ta zube 2.7, ita ce ke sa BMS ya yanke don ya kare ta, sauran da wutarsu. In a sama ɗaya ta haura 3.65 sauran suna 3.35, basu daidaita bane, kuma mai daidaitawar da ke cikin yawancin BMS wuta kaɗan yake ja, yana iya ɗaukar kwanaki yana aiki. Ɗauki hoton allon a lokutan nan biyu ka adana da kwanan wata, ranar da zaka nemi garanti zaka gode min.

TAMBAYA: Farantaina 3,000W ne amma tunda aka saka ban taɓa ganin sun wuce 1,200W a manhaja ba. Jabu aka sa min ko?

AMSA: Zai iya yiwuwa, amma kafin ka je faɗa kalli siffar zanen. Farantai masu lafiya da ba a takura musu ba zanensu kamar tudu yake, ya hau a hankali ya kai ƙololuwa da tsakar rana ya gangaro. In naka ya hau ya kai 1,200 sai ya miƙe kamar an yanke kansa da wuƙa, to wani abu ne ya tare shi, kuma ina zargin saitin amfiyar caji. In an bar shi a 20A, ninka da 55V kaga 1,100W, ƙara ɗan lodin gida, ga 1,200 ɗinka nan cif. Haka kuma in batir ya cika ƙarfe sha ɗaya kuma gida ba lodi, inbata tana rage jan wuta daga farantai don ba inda zata kai ta, manhaja kuma abin da aka ja take nunawa. Gwajin mai sauƙi ne, da tsakar rana ranar da gari ya waye tas ka kunna dutsen guga da injin ruwa tare ka ga ko lambar ta yi tsalle. Kar dai ka ɗaga amfiyar caji da ka, duba iyakar da batirinka ya yarda da ita tukunna.

3,000 ɗin ma kar ka sa rai da ita. Ana auna faranti ne a haske 1,000W kan kowace murabba'in mita kuma yana sanyin digiri 25, a kan rufi kuwa yana kai 60 ko fiye, kuma duk digiri ɗaya yana rage wajen kashi 0.35, kaga kusan kashi 12 ya tafi kafin a zo ga ƙura da asarar kebul. In kaga 2,300 zuwa 2,500 ka gode Allah. Sauran sawun da zaka riƙa dubawa, in kullum a lokaci ɗaya zanen yana yin rami to inuwa ce, tankin ruwa ko eriya ko reshe. In ƙololuwar tana raguwa kaɗan kaɗan mako bayan mako ƙura ce, wanke ka kwatanta washegari. In kuma dare ɗaya ta koma rabi, layi ɗaya na farantan ya fita, a duba fiyus da mahaɗan kebul ɗin farantai da ake ce wa MC4, amma ba da rana tsaka da lodi a kai ba, don wutar sola in aka zare ta a haka tartsatsi take ja mai ƙona hannu, a kashe makunnin farantan tukunna. Turo min hoton zanen yini guda cikakke da hoton shafin saitin caji, sai mu duba tare.